Takardar iri ta ce a shuka a Maris, na shuka a Yamai, komai ya ƙone

UwarGida_Talladje:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni, kuma raina a ɓace yake. Ƙanwata da ke aure a Faransa ta aiko mini da iri kala bakwai: salati, karoti, radi, tumati iri biyu, da furanni biyu. A bayan kowace takarda an jera watanni, an shafa wa Maris, Afrilu da Mayu launi, alamar lokacin shuka ke nan. Na bi abin sau da ƙafa. Na sa an kawo mini taki, na gyara fangali uku a bayan ɗaki, na shuka a makon farko na Maris. Salati ko ƙwaya ɗaya bai fito ba. Karoti ya leƙo siriri kamar gashi, kwana huɗu ya kwanta. Furannin ma haka. Tumati ne kaɗai ya yi ƙoƙari, ya kai gwiwa, ga shi yanzu farkon Mayu yana fure, amma furen zubewa yake yi, ko ɗa ɗaya ban gani ba. Kuɗin ruwa kuwa ya ninka, maigida ya fara magana. Don Allah irin ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya ba, ko kuwa ba a lambun gida da bazara a Yamai?

MaiLambu_Saga:
Wa alaikumus salam Hajiya. Irinki lafiyarsa lau, hannunki ma haka. Watannin da ke kan takardar na ƙasarsu ne. Ni a bakin kogi na tashi, aikin garka na gada. Salati, karoti, shu, radi, duk kayan sanyi ne, muna fara su daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, mu ci amfaninsu Disamba zuwa Fabrairu. Lokacin da kika shuka, mu a lokacin muke kwashe na ƙarshe. Idan da sauran iri a hannunki, kada ki ƙara zuba ko ƙwaya, ki adana sai bayan damina.

Abban_Ikram:
Haka ya faru da ni bara. Allah ya mayar da alheri, Hajiya.

Malamin_Gona:
Bari in ƙara a kan maganar MaiLambu_Saga, don a san dalili. Ƙwayar salati tana da wata ɗabi'a: idan zafin ƙasa ya kai wajen digiri 30, sai ta yi barci ta ƙi tsirowa, ko da kuwa sabuwa ce fil. A Yamai cikin Afrilu zafin iska da rana yakan kai 41 ko ya wuce, yashin tsakar gida kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba ki ga komai ba. Karoti a sama-sama ake shuka shi, kuma yana ɗaukar kwanaki kafin ya kafa saiwa, to saman ƙasar nan shi ne yake bushewa cikin awa biyu.

Tumati kuma matsalarsa a cikin fure take. Idan rana ta wuce digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin da ke cikin furen yakan lalace, ba a samun barbara, sai furen ya bushe daga wuya ya faɗi. Ƙarin ruwa ba ya gyara wannan, ƙarin taki ma ba ya gyarawa. Taki mai yawa ganye kawai zai ƙara masa. A ƙasar da aka buga takardar, Afrilu rana ba ta cika wuce digiri 15 zuwa 20 ba. Idan kina neman irin wannan yanayi a wurinmu, daren Disamba da Janairu ne ya fi kusa da shi.

Baƙuwa_Lyon:
Yaya, ni ma a Faransa nake, kuma wallahi abin da ya same ki ya same ni, sai dai a juye. Shekarata ta farko na zo da kuɓewa da yakuwa daga gida, na ga rana ta fito a Afrilu, na zuba su a ƙasa. Kuɓewa ta ruɓe a cikin ƙasa saboda sanyi. Maƙwabciyata, wata tsohuwa, ita ta zaunar da ni ta ce a nan ba a fitar da tumati waje sai an wuce 11, 12 da 13 ga Mayu, domin har lokacin dare ɗaya na iya yin ƙanƙara ya kashe komai. Yanzu haka nawa suna cikin ƴan tukwane a bakin taga tun Maris, mako mai zuwa nake sa ran fitar da su. Yakuwa takan yi mini ganye mai kyau a Yuli da Agusta, ina miya da ita, amma ban taɓa samun zoɓo ba. Kafin ta yi fure sanyi ya dawo.

Ɗan_Galmi:
Hajiya ta Talladje, sannu da ƙoƙari. Mu nan ƙasar albasa, abin da munka taras ga iyayenmu shi ne kowane iri da watanshi. Albasa muna zuba iri ga Oktoba ko Nuwamba, ta yi kwana arba'in zuwa hamsin a dasa ta, sai Maris da Afrilu a hiɗɗa a sa ga rudu, rumbun ajiyar albasa. Watan da kinka yi shuka, mu watan ɗibar amfani ne. Ki jira sanyi, in Allah ya kai mu, ko hwangali guda ki sa albasa ƴar Galmi, ba ta ba ki kunya.

Baƙuwa_Lyon:
Ɗan_Galmi, Malam, albasarku ma na gwada a nan. Ta yi ɗan kai kamar goro tun tana ƙarama, ta tsaya. Na yi zaton takina ne.

Malamin_Gona:
Ba taki ba ne, tsawon yini ne. Albasar Galmi tana fara kai da zarar yini ya kai wajen awa 12. A Yamai da Tahoua yini ba ya nisa da haka duk shekara, tsakanin awa 11 da ƴan mintoci zuwa kusan 13. A Lyon kuwa cikin Yuni yini ya wuce awa 15, sai ta yi gaggawar yin kai tun ba ta tara ganye ba. Yakuwarki ma dalilin ke nan: sai yini ya gajarta take fure, a wurinku kuma gajartar yini tare da sanyi take zuwa. A nan gida shi ya sa ake shuka ta da damina a tsinki zoɓo da kaka.

MalamarHausa_Tahoua:
Ni abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda ake fassara wannan lokacin shuka na Turai, wanda suke kira printemps da Faransanci, da kalmar bazara. A makaranta yara na karanta printemps, a ce musu bazara ce, a nuna musu hoton furanni da koriyar ciyawa. Yaro ya fito waje ya tarar da iska mai zafi da guguwa. Shekararmu damina ce, kaka, ɗari, sannan bazara, kuma bazararmu ita ce ƙarshen rani, lokacin da rijiya ke ja baya, dabba ta rame. Tasu daga sanyi take fitowa. Da a ce an daina haɗa su, da mutane irin Hajiya ba su yi asara ba.

Tsohon_Malami:
Malama, ban yarda da ke gaba ɗaya ba. Waɗanda suka zaɓi kalmar ba su yi ta da ka ba. Ki dubi itatuwa a ƙarshen Afrilu da Mayu, tun ruwa bai sauka ba za ki ga suna sabon toho. Manomi yana sassabe, yana kai taki gona, kowa idonsa na gabas. Magabata suka ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Wannan jiran sabuwar rayuwa shi ne ya haɗa lokutan biyu. Inda na yarda da ke shi ne a wajen shuka kam ba ɗaya ba ne.

MalamarHausa_Tahoua:
Na ji, Baba, kuma maganar toho gaskiya ce. Amma mai riƙe da takardar iri ba toho yake nema ba, watan shuka yake nema.

Matashi_Harobanda:
Ku yi haƙuri iyayena, a dawo kan tambayar Hajiya ta uku. Ana lambun gida da bazara a Yamai, ni shaida ne. Gidan haya nake, ko taki biyar na ƙasa ba ni da shi, a tsofaffin buhunan shinkafa da tayoyi nake shuka. Yanzu haka ina da alayyafo, malohiya, kuɓewa gindi goma sha biyu, ɗoɗɗoya da na'a-na'a. Alayyafo kwana 25 zuwa 30 ka fara yanka, kuma zafi ba ya damunsa in dai da ruwa. Kuɓewa wajen wata biyu ta fara ba da ƴaƴa. Na kafa sanduna huɗu na ɗora tsohuwar zana wadda ta yi huji-huji, rana na shiga rabi. Saman kowane buhu na rufe da ɓawon gyaɗa. Abokan gabana biyu ne kawai: ƙadangaru da akuyar maƙwabta. Ƙadangare da bazara ƙishirwa ke sa shi cin tsiro, tun da na fara ajiye musu ruwa a murfin roba nesa da buhunan ɓarnar ta ragu, sauran kuma na rufe ƙananan da tsohon gidan sauro.

Maman_Nana:
Maganar gidan sauro ta yi, ni ma shi nake sawa. Amma a tabbata wanda ya gama aiki ne, kada a cire na yara.

Alhaji_Wadata:
Ni tambayata ɗaya ce. A wannan zafi da pampo ke ɗaukewa a unguwanni, mata na tashi da tsakar dare suna tarar ruwa, mene ne amfanin shuka fure? Kayan miya na fahimta. Amma fure ba a ci, ba a sayarwa, ba ya inuwa. Ruwan da za a zuba masa a ba zogale, a ci dambu.

Hajiya_KoiraKano:
Alhaji, da girmanka, amma zan amsa. Ba kowane fure ne mashayin ruwa ba. Bugenbiliyar da ke kan katangata ta shekara goma, sau ɗaya a mako nake ba ta ruwa, kuma idan aka cika mata ruwa ma ganye take yi ta ƙi fure. Ƙarya, wadda turawa ke kira furen hamada, a dajinmu take fitowa ba mai ban ruwa, kuma da rani take fure lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya. Lalle fa? Shinge ne, ganyensa na ƙunshi, furensa kuma duk wanda ya wuce da magariba ya san ƙamshinsa. Na yi jinyar mahaifiyata wata takwas a gidan nan, ba ta iya fita, kullum da la'asar sai ta ce a kai ta gindin bugenbiliyar nan. Ban san kuɗin da zan sa wa wannan ba.

Inda zan goyi bayanka shi ne furannin Turai masu son sanyi da ciyawar ado da ake shimfiɗawa a tsakar gida. Waɗannan kam da bazara zubar da ruwa ne.

Alhaji_Wadata:
Allah ya saka miki da alheri kan hidimar mahaifiya, Hajiya. Ban yi tunanin wannan ɓangaren ba. Amma kan ciyawar ado ina nan a kan bakana.

Maman_Nana:
Tun da an ambaci ƙarya, a yi hattara, ruwanta dafi ne. Haka ma wannan mai dogon ganye da fure ja-ja ko fari da masu sayar da shuke-shuke a bakin titi ke kira loriye. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki a sa su inda hannu da baki ba sa kaiwa.

Ba'adara:
Ku mutanen Yamai kuna da kogi kusa. Mu nan Tahoua ruwan shekara ma bai kai naku ba, ku kuna samun sama da milimita 500, mu in munka samu 400 sai godiya. Dabarar da nike yi ita ce tulu. Sabon tulu wanda ba a shafe ba, in gina rami in binne shi har wuya, in cika shi da ruwa in ruhe bakin. Sai in shuka gindi huɗu ko biyar kewaye da shi, tazarar taki guda. Ruwan na tsattsahowa a hankali ta jikin tulun, saiwa na zuwa ta manne mishi. Kwana biyu ko ukku nike ƙara ruwa. Tonka da yalo da kuɓewa duk haka nike riƙonsu har damana ta sauka. Ruwan alwala da na wankin shinkahwa ma ba mu zubarwa, akwai bokiti wurin.

UwarGida_Talladje:
Ba'adara, ƴar uwa, ruwan wanki fa mai omo? Shi ne ya fi yawa a gidana.

Malamin_Gona:
Kada ki sa shi a fangali, Hajiya. Garin wanki yana da gishiri, a hankali zai taru ya kashe ƙasar, musamman da rani da ba ruwan sama da zai wanke. Ruwan ɗauraya na ƙarshe za ki iya ba bugenbiliya ko bedi. Ganyen da ake ci ɗanye kuwa ruwa mai tsabta kawai. Kuma don ki ga inda kuɗin ruwanki ya tafi: a watan Afrilu murabba'in mita ɗaya na fangali yakan buƙaci lita 8 zuwa 10 kowace rana. Ki auna fangalinki uku ki lissafa. Da sanyi buƙatar takan ragu sosai.

Inna_Bouza:
Ɗiyata, jikata ce ke rubuta mini. Mu da munka taso ba mu san iri na takarda ba. Kowace mace na da bayan ɗakinta. Ruwan hwari in ya sauka ba mu gaggawa, sai ƙasa ta sha ta jiƙe kamu guda, sannan a sa kuɓewa, yakuwa, kabewa, a sa duma gindin darni ya hau. Iri kuwa na bara ne, an ɗaure ga tsumma da toka an rataye cikin ɗaki. Da kaka a yanka kuɓewa a shanya, ita ce miya har wata damana. Kuma ki kula da iska, ta hi rana ɓarna. Nan Majiya iska ta so ta cinye muna gonaki, sai da anka dasa layukkan bedi sannan hatsi ya tsaya. In ba ki da katanga wajen gabas, ki kahwa zana.

Tsohon_Malami:
Gaskiyar Inna. A 1975 aka fara dasa layukan bedin nan na kwarin Majiya, layi bibbiyu, kuma har yau ana misali da su. Abin da ya yi aiki a gona yana yi a tsakar gida.

ƳarAbzin:
Ko a cikin Nijar ɗin ma kalandar ba ɗaya ba ce. Mu a duwatsun Abzin sanyin Janairu yakan yi tsanani har ruwa ya daskare a saman Bagzan. Timia ana lemo da rumman da inabi, abin da zai yi wuya a tsakar gidan Yamai. Albasar Tabelot kuma da damina ake nomanta, ta fito kasuwa wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da su Ɗan_Galmi ke zuba iri. Saboda haka ko daga Agadas aka aiko miki da iri, ki tambayi watan shukarsa a garinku.

ƊanGaya:
Mu kuma a Gaya ruwa ne ke mana yawa, wajen milimita 800. Tumatin damina a nan ciwon ganye da ruɓewa ke cinye shi.

MaiLambu_Saga:
Tun da an zo kan tumatin damina: akwai irin da aka zaɓa don wannan lokaci. Icrixina daga tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kan hanyar Say, ta fito. Akwai kuma Mongal da masu sayar da iri ke kawowa. Ƴaƴansu ba su kai na sanyi girma ba, amma suna ɗaure wa zafi da laima. Sai dai Mongal irin haɗi ne, wanda ake rubuta wa F1, idan kika cire iri daga ƴaƴansa abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Hajiya, ki duba takardun ƙanwarki ma ko akwai wannan alama.

UwarGida_Talladje:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na duba, tumati ɗaya F1 ne, ɗayan babu. Na nuna wa maigida lissafin ruwa, mun yarda fangali ɗaya za a bari, in sa alayyafo da malohiya a ƙarƙashin zana, kuma gobe zan nemo tulu biyu in gwada dabarar Ba'adara. Saura abu biyu. Tumatin nan da ya kai gwiwa, in tumɓuke ko in bar shi? Ina jin tausayinsa. Sannan ragowar irin, yaya zan ajiye shi har Oktoba?

MaiLambu_Saga:
Ki tumɓuke, Hajiya. Kafin sanyi ya zo ya tsufa, kuma jan gizo-gizo da farin ƙuda za su taru a kansa su jira sabuwar shukarki.

Matashi_Harobanda:
Ni da ni ne, Mama, zan bar gindi biyu mafi ƙarfi. Bara na bar nawa a inuwa, na rage masa rassa, da aka yi ruwa biyu a Yuni gari ya ɗan huce sai ya kama ƴaƴa. Ba su da yawa, amma an yi miya. Ƙwari kuma ƴaƴan bedi nake dakawa, rabin kilo a lita 10 na ruwa, ya kwana, in tace, in sa ɗan sabulu, in fesa da yamma har ƙarƙashin ganye.

MaiLambu_Saga:
Ɗana, irin gida ne naka ko na Turai? Domin ba ɗaya ba ne.

Matashi_Harobanda:
Na gida ne, Baba, daga tumatin kasuwa na cire.

Malamin_Gona:
Kan ajiya: zafi da laima ne ke kashe iri, kuma damina na tafe. Ki naɗe bakin takardun, ki sa su a kwalba mai murfi da ɗan busasshen gawayi ko shinkafa a ƙasa, ki rufe sosai. In da firij, can ƙasa wajen kayan miya, ba wajen ƙanƙara ba. In babu, ɗakin da ya fi sanyi, nesa da rufin kwano. Irin karoti da na salati ba sa daɗewa kamar na tumati, don haka a farkon Oktoba ki ɗauki ƙwaya goma-goma ki sa a jiƙaƙƙen tsumma ki ga nawa za su tsiro kafin ki gyara fangali.

Hajiya_KoiraKano:
Ba ki faɗa mana sunan furannin biyu ba. In akwai ziniya ko wannan ruwan ɗorawa mai ƙarfin wari da ake kira oye dand, ba sai kin jira Oktoba ba, da damina suna yi sosai. Oye dand ɗin ma masu garka na sa shi tsakanin tumati saboda tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli. Ki ɗauki hoton takardun ki sa mana.

Alhaji_Wadata:
To in dai yana maganin tsutsa, ni ma a ba ni irinsa. Zogalena gindi shida ne, akwai wuri a tsakaninsu.

UwarGida_Talladje:
Hajiya, ɗaya ziniya ce. Ɗayan sunan ya goge, hoton dai fure ne shuɗi da fari mai hawa kamar wake. Bari yara su dawo daga islamiyya su ɗauka mini hoton.